Alhaji Abubakar Imam (1911–1981) da Ma'aunin da Ake Auna Marubutan Yau da Shi

Da wuya a yi zaman tattaunawa a kan ƙagaggun labaran Hausa na wannan zamani a tashi ba a ambaci sunan Alhaji Abubakar Imam ba. Mai kushe littattafan da ake fitarwa yanzu da shi yake kafa hujja, yana kukan an bar Hausar Magana Jari Ce an kama shirme. Mai kare su ma shi yake jawowa, yana tunatar da cewa ai ko Imam aro ya yi. Ta haka mutumin ya zama ma'auni a hannun ɓangarori biyu, har sunansa ya fi tarihinsa yawo a bakin manazarta. Alhali kuwa idan aka bi tarihin daki-daki, abin da zai fara ba mutum mamaki shi ne ƙanƙantar lokacin da ya yi yana ƙaga labari. Ya yi shekara 70 a duniya, amma littattafan da suka ɗaukaka shi a fagen ƙagaggen zube ya rubuta su ne tsakanin 1933 da 1936, yana ɗan shekara 22 zuwa 25. Sauran shekarun duka aikin jarida da siyasa da hidimar hukuma suka cinye.

Daga Kagara zuwa Katsina

An haifi Abubakar Imam a Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu, a shekarar 1911. Gidansu gidan malamai ne, kuma a gaban mahaifinsa, Malam Shehu Usman, ya fara karatun allo. Kagara ba ta da nisa da Kwantagora, ƙasar Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, wanda sojojin Turawa suka fitar daga garinsa a 1901, shekara 10 kafin haihuwar Imam. Ke nan yaron ya tashi a tsakanin mutanen da suka ga zuwan Turawa da idonsu, masu ba da labarinsa a zaure da bakin kasuwa. Ba banza ba ne Kwantagora ta zama mafarin Ruwan Bagaja, ta kuma zama mafarin Ganɗoki na wansa, Malam Muhammadu Bello Kagara.

Wannan wan nasa, wanda ya girme shi da kusan shekara 20, shi ne ya buɗe masa ƙofar boko. Malam Bello yana koyarwa a Katsina, a can kuma ƙanen ya shiga makarantar lardi a 1922. A 1927 ya wuce Kwalejin Katsina, inda ya yi shekara biyar, ya fito a 1932 aka ba shi koyarwa a makarantar Midil ta garin. Kwalejin ita ce maƙerar da ta ƙera yawancin waɗanda suka riƙe Arewa daga baya. Ahmadu Bello yana gabansa da shekara ɗaya, Abubakar Tafawa Ɓalewa yana bayansa da shekara ɗaya. An kafa ta ne don samar da malaman makaranta, an kuma tsananta koyar da Ingilishi a cikinta. Saboda haka Imam ya fito da abin da ba kowane malamin zaure ko ɗan boko na lokacin ya haɗa ba: Larabcin da zai buɗe littafin lugga da shi, Ingilishin da zai karanta hikayoyin Turai da shi, da kunnen Bahaushen da ya sha tatsuniya da barkwanci tun yana yaro. Duk abin da ya rubuta daga baya daga waɗannan rijiyoyi uku aka ɗebo shi.

Gasar 1933

Makarantun elementare na Arewa sun yi ta yaye yaran da suka iya karatun boko, amma in an fita aji babu abin karantawa sai littattafan lissafi da kiwon lafiya da 'yan fassare-fassare. Hukumar Fassara, wadda ta zauna a Zariya ta kuma rikiɗe ta zama Hukumar Talifi a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ita aka ɗora wa nauyin toshe wannan giɓi. A 1933 East ya zagaya manyan garuruwa yana neman malamai su rubuta dogon labari na zube da Hausar boko, a yi gasa, a buga waɗanda suka yi fice. Aikin bai zo masa da sauƙi ba. A wurin malamin wancan zamani alƙalami na ilimi ne, na fiƙihu da tarihi da waƙar wa'azi, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce, da dare ake yin ta, ba a ɓata mata tawada. Neman dattijo mai rawani ya zauna ya shirya abin da ya san bai faru ba tamkar neman ya zubar da girmansa ne. Shi ya sa waɗanda suka amsa kiran galibinsu ma'aikata ne da malaman makarantar boko.

Littattafai biyar aka buga daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Biyu daga cikin biyar ɗin daga gida ɗaya suka fito.

Ruwan Bagaja labarin nema ne. Alhaji yana ba Koje Sarkin Labari tarihin yadda ya bar gida don ya samo ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya kuma wanke Liman, mijin mahaifiyarsa, daga wulakancin da aka yi masa a fada. Sai dai ba neman ruwan ne ya riƙe masu karatu shekara da shekaru ba. Abin da ya riƙe su shi ne Malam Zurƙe ɗan Muhamman, abokin gabar da Alhaji yake cin karo da shi gari bayan gari, yau wannan ya ƙulla wa wancan, gobe wancan ya rama, har gabar ta gaji ta koma abota. Wanda ya yi karatun zaure zai gane inda aka samo wannan zubi, don kuwa haka Abu Zaid da Harisu suke haɗuwa suna rabuwa a Maƙamatul Hariri, littafin da almajiran lugga suke sha a ƙasar Hausa tun kafin zuwan boko. Imam bai ɓoye cewa ya ɗebo daga nan ba. Jigon ruwan magani kuma yana da 'yan uwa a hikayoyin Larabawa da na Jamusawa. East ya gane wasu labaran da aka cusa a rubutun farko na aro ne, ya yi wa marubucin magana a kansu, aka yi gyara kafin littafin ya shiga maɗaba'a. Ke nan maganar aro ba manazartan baya ne suka tono ta ba, tana nan tun littafin bai ga rana ba.

Wata shida a Zariya

Abin lura shi ne yadda editan da ya yi ƙorafin aro ya juya ya mai da aron hanyar aiki. A 1936 aka nemi a ba da aron Imam daga Katsina zuwa Hukumar Talifi. Ya yi kimanin wata shida a Zariya, East ya tara masa littattafan hikayoyin Gabas da na Turai, shi kuma ya duƙufa yana karantawa yana rubutawa, suna bitar abin da aka rubuta tare. Daga wannan zama aka sami Magana Jari Ce, littafi uku, masu ɗauke da labarai kimanin 80, waɗanda aka buga tsakanin 1937 da 1939.

Nazarce-nazarcen da aka yi, musamman na Ibrahim Malumfashi a Adabin Abubakar Imam da na Abdalla Uba Adamu, sun bi sawun labaran zuwa tushensu: Alfu Laila wa Laila, Kalila wa Dimna, tatsuniyoyin Jamusawa na 'yan uwan nan Grimm, da wasu da dama, sannan da abin da marubucin ya ji a gida. Wannan bincike ya yi amfani ƙwarai, domin ya raba nazari da camfin da ya daɗe yana yawo cewa komai daga kan Imam ya fito. Sai dai gano tushe rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne a duba me aka yi wa abin da aka aro, a nan ne kuma gwanintar take.

A ɗauki uwar labarin kanta. Akun da yake tsare mutum da hira har gari ya waye tsohon zubi ne na ƙasar Hindu, wanda Farisawa suka karɓa suka yi Tutinama da shi. A can, matar aure ce aku yake hanawa fita wurin wani namiji alhali mijinta ya yi tafiya. Irin wannan labari ba zai shiga ajin elementare na Katsina ko Sakkwato ba. Imam ya cire matar ya sa Musa ɗan Sarki Abdurrahman, ya cire sha'awa ya sa zumuɗin saurayi na bin mahaifinsa fagen yaƙi, ya kuma kawo mugun waziri mai jiran yaron ya taka waje a hallaka shi. Da wannan canji hirar aku ta tashi daga tsare mutuncin gida ɗaya ta koma tsare gadon sarauta, abin da kowane mai karatu a ƙasar sarakuna ya san nauyinsa. A littafi na biyu aka mai da hirar gasa tsakanin aku biyu a gaban sarakuna, a na uku kuma ta zama tarbiyya, aku yana koya wa ɗansa Fasih dabarun zama da manya. Idan aka haɗa ukun, za a ga littafi ne a kan ƙarfin harshe a fada, da yadda marar takobi yake tsira, har ya ɗaukaka, a gaban masu takobi. Ma'aikacin da yake tsakanin Bature da Sarki a shekarun 1930 ba ya buƙatar a fassara masa wannan darasi.

Haka abin yake a ƙananan labaran. Kalala da Kalalatu daga tatsuniyar Jamusawa ya fito, inda kuyanga mai dafa abinci take cinye kajin da aka soya wa baƙo, sannan ta tsorata baƙon da cewa maigida kunnensa zai yanke. Imam ya mai da kuyangar matar gida, ya sa labarin cikin al'adar karɓar baƙi da kunyar miji a gaban baƙonsa, har ya zamana ɗalibai da yawa sun girma suna ɗaukarsa tatsuniyar kakanninsu. Sarkin Busa ma haka, mai sarewar nan ne na garin Hamelin aka naɗa masa rawani. Sirrin yana cikin jimla. Hausar Imam ta mai magana ce, ba ta mai fassara ba: gajerun jimloli masu bin juna da sai da kuma, zance mai saurin musaya, kirari da zambo a inda suka dace, karin magana a bakin wanda ya kamata ya faɗe ta, da raha wadda ba ta jiran a yi mata bayani. Ya ɗauki muryar mai ba da labari a dandali ya zaunar da ita a takarda ba tare da ta mutu ba. Wannan ne abin da ya gagari da yawa daga waɗanda suka bi bayansa.

A nan ya kamata mai auna marubutan yau da Imam ya tsaya ya dubi ma'aunin da kyau. Magana Jari Ce ba aikin mutum ɗaya ba ne a ɗakinsa. An ɗauke wa marubucin aikin aji, albashinsa yana tafiya, an ajiye masa littattafai, ga edita mai kaifin ido a kusa, ga maɗaba'a tana jira, ga makarantun Arewa kaf da za su karɓi abin da aka buga. Marubuciyar da ta fito a Kano ko Kaduna a shekarun 1990 ita take rubutawa, ita take biyan mai buga littafin, ita take kai shi wurin 'yan kasuwa ta jira kuɗinta. Ta yau kuwa shafi-shafi take sakin labarinta a WhatsApp ko Wattpad, masu karatu suna biya ta waya suna matsa mata ta ci gaba kafin tawadar jiya ta bushe. Babu mai duba mata rabin jimla. Idan aka ga kurakuran ƙa'idojin rubutu da maimaici da labarin da ya yi tsawo ya rasa inda zai tsaya, ba lalle ne ƙarancin baiwa ba ne. Sau da yawa rashin East ne, da rashin wata shidan nan.

Jarida ta ɗauke shi

A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, aka kuma kira Imam ya zama editanta na Hausa. Yaƙi yana ƙaratowa, jita-jita ta cika gari, har da raɗe-raɗin cewa za a miƙa Nijeriya ga Jamus. Gwamnati tana son bakin da zai yi wa jama'a magana da harshensu, sunan jaridar ma da farashinta na kwabo ɗaya amsa ce ga masu yaɗa ƙarya. Imam ya riƙe wannan aiki fiye da shekara 10.

Idan ana lissafin gudummawarsa ga harshe, wannan zango bai gaza na Magana Jari Ce ba, wataƙila ma ya fi shi. Kowane fitowa sai an nemo yadda za a faɗi abin da Hausa ba ta taɓa faɗa a rubuce ba: jiragen yaƙi, majalisa, kasafin kuɗi, zaɓe, tsarin mulki. Wasiƙun masu karatu suna zuwa daga kowane lardi da karin harshen garinsu, a gyara su a fitar da su cikin Hausa ɗaya. Abin da ake kira daidaitacciyar Hausa a yau, ba a ɗakin taro kaɗai aka yi ta ba, a teburin editan Gaskiya aka murje ta ta yi laushi. Jaridar ta kuma koya wa ɗan Arewa wani sabon abu, wato ya rubuta kukansa ya sa sunansa, dubban mutane su karanta.

Matsayin editan ba mai daɗi ba ne. Jaridar ta hukuma ce, Turawa suna dubawa, sarakuna suna sauraro, samarin da suka yi boko kuma suna jiran su ga ko za ta faɗi abin da yake damunsu. Ya bi tsakiya, da nasiha da habaici da raha, salon da ya riga ya gwada a bakin aku. Masu zafin ra'ayi sun ga ya cika lallashi, masu riƙe da mulki kuma wani lokaci sun ga ya wuce gona da iri.

A 1943 ya shiga ayarin editocin Afirka ta Yamma da aka gayyata Ingila, tare da Nnamdi Azikiwe. A can ayarin ya miƙa takardar neman a sa ranar mulkin kai bisa alkawuran da manyan ƙasashe suka yi a lokacin yaƙi, amma Imam bai sa hannu ba. An daɗe ana fassara wannan a matsayin ra'ayin riƙau na Arewa. Sai dai a tafiyar nan ce ya gana da Lugga, wanda ya kafa mulkin Turawa a Arewa, ya kuma biyo bayan ganawar da dogayen wasiƙu yana zayyana masa illolin tsarin En'e: yadda aka tattara iko a hannun sarki shi kaɗai, yadda talaka ba shi da inda zai kai ƙara, da yadda aka ilmantar da samari sannan aka hana su bakin magana. Wanda ya ƙi sa hannu a takardar Azikiwe shi ne ya gaya wa mai tsarin a fuskarsa inda tsarin ya ruɓe. Labarin tafiyar ya fito a Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Wannan waje ne da ya cancanci manazarcin adabi ya daɗe a kansa. Imam ya san zaluncin ɗan doka da na mai karɓar haraji, ya san ƙuncin malamin makarantar da hakimi yake gani kamar bara, ya kuma iya ba da labari fiye da kowa a zamaninsa. Amma abin da ya sani game da Arewar da yake raye a cikinta, a wasiƙa da sharhin jarida ya zuba shi, wani ma da Ingilishi. Ƙagaggun labaransa galibi a wata ƙasa ta gabas suke, a wani zamani marar shekara. Hukumar da ta ba shi lokaci da edita da maɗaba'a don yaran makaranta take buga littafi, ba za ta ɗauki nauyin labarin da zai tone asirin En'e ba. Gatan da ya gyara masa jimla shi ne kuma ya shata masa iyakar abin da zai faɗa.

Siyasa da hidimar jama'a

Yana cikin waɗanda aka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa da su a ƙarshen shekarun 1940, lokacin tana ƙungiyar al'adu. Da hanya ta rabu, Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur suka bi tafarkin NEPU, shi ya zauna a NPC, aka kuma zaɓe shi ɗan majalisa a zaɓen 1951. Siyasar jam'iyya ba ta riƙe shi da daɗewa ba. Daga tsakiyar shekarun 1950 ya koma hukumar ɗaukar ma'aikata, ya taɓa jagorancin hukumar NORLA mai buga littattafan yaƙi da jahilci, sannan ya shugabanci hukumar ɗaukar ma'aikata ta Jihar Arewa a jamhuriya ta farko, lokacin da ake rige-rigen cike guraben da Turawa suke bari da 'yan ƙasa. A ƙarshen aikinsa ya riƙe ofishin sauraron koke-koken jama'a a Jihar Arewa ta Tsakiya. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa.

Bai ajiye alƙalami ba, amma alƙalamin ya sauya hanya. Bayan Ƙaramin Sani Ƙuƙumi da Ikon Allah, wanda suka yi tare da East don koyar da ilimin halittu da kimiyya, sai ya karkata ga addini da tarihi: Sayyidina Abubakar, Tarihin Annabi Kammalalle, Haji Mabuɗin Ilmi. Ɗan malamai ya koma gida. Mai kula zai ga cewa ra'ayin nan da East ya yi fama da shi a 1933, na cewa dattijo ba ya ɓata tawada a kan ƙage, bai mutu ba ko a rayuwar wanda ya fi kowa karya shi.

Inuwarsa da waɗanda suka fita daga cikinta

Kusan shekara 40 ƙagaggen labarin Hausa ya yi yana tafiya a sawun da gasar 1933 ta bari, musamman sawun Imam da na wansa. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, Gogan Naka na Garba Funtuwa, Da'u Fataken Dare na Tanko Zango, Tauraruwar Hamada na Sa'idu Ahmed Daura, duk jarumi ne ko ɗan duniya yake barin gida ya shiga uwa duniya, ya gamu da aljanu ko ɓarayi ko sarakuna. Ko Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, da ya kai yaronsa sararin samaniya, tafiyar ce dai aka sauya mata abin hawa. Sai wajen Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo aka ga labari ya tsaya a kan matsalar da take gaban mai karatu, ta barin ƙauye zuwa birni.

Cikin littattafai biyar na farko akwai wanda ya nuna wata hanya dabam, aka kuwa daɗe ba a bi ta ba. Jiki Magayi labarin saurayi ne da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa, da ramuwar da ta biyo baya ta cinye kowa. Babu aku, babu tsibirin aljanu, sai aure da dukiya da ƙiyayya a cikin gari irin wanda mai karatu yake zaune a ciki. Idan ana neman kakan littattafan da suka cika kasuwa daga tsakiyar shekarun 1980, irin su Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed, Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, to a nan ya kamata a neme shi, ba a Ruwan Bagaja ba. Auna su da Imam ta fuskar jigo kamar auna gero ne da mudun gyaɗa. Sun shiga ɗakin da shi bai shiga ba, na auren dole da kishi da saki da karatun 'ya mace, kuma mafi yawan masu rubutun da masu karatun mata ne. A duniyar Magana Jari Ce mace takan fito ne a matsayin gimbiyar da ake nema ko mai makircin da ake dariya ko tsoro. Ba ita take riƙe da labarin ba.

Muhawarar da ta ɓarke a shekarun 1990 a kan abin da Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, wadda ta yi zafi a shafin adabi na New Nigerian da Ibrahim Sheme yake kula da shi, ta taɓo wannan duka. Babban zargin da aka yi wa sababbin marubuta shi ne wankiyar finafinan Indiya da kawo baƙin al'adu. Amsar da Abdalla Uba Adamu da masu ra'ayinsa suka bayar ita ce, tun ran gini tun ran zane, adabin zuben Hausa da aro ya fara, har ma daga Indiyar. Amsar gaskiya ce, amma ba ta wanke kowa da kowa ba. Tsakanin wanda ya cire matar aure ya sa ɗan sarki don labarin ya zauna a ƙasar Hausa, da wanda ya kwaso fim ɗungurungum ya sauya sunaye kawai, akwai tazara mai nisa. Abin da za a tambayi marubucin yau ba ko ya yi aro ba ne, a'a, wace wahala ya sha a kan abin da ya aro. A wannan fuska Imam ma'auni ne na gaskiya, kuma mai tsanani.

Wani abin da bai canja ba shi ne dogaro da gasa. Yadda ta 1933 ta haifi littattafan farko, haka ta kamfanin NNPC ta fito da Mallakin Zuciyata da So Aljannar Duniya da Amadi Na Malam Amah a 1980, ta Hukumar Al'adu ta Tarayya ta fito da Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa da Tsumangiyar Kan Hanya a 1982, Hikayata ta Sashen Hausa na BBC kuma, tun daga 2016, take fito da mata masu gajerun labarai. Kowace gasa takan tara alƙalai da masu gyara na ɗan lokaci, a ga rubutu ya yi kyau, sannan a watse. Abin da Imam ya samu a Zariya ya wuce kyautar gasa, domin an ci gaba da zama da shi bayan an raba kyautar. Ruwan Bagaja gasa ce ta haife shi, amma Magana Jari Ce renon da ya biyo bayan gasar ne.

A shekarunsa na ƙarshe yana zaune a Zariya, garin da ya zo aro na wata shida ya zama gida. Ya ga littattafansa sun zama abin karatu daga firamare har jami'a, ya ga an buɗe sassan nazarin Hausa a Zariya da Kano da Sakkwato, inda ake rubuta kundaye a kan abin da ya rubuta yana saurayi. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ake ɗauka shi ne ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa, ya fito yana raye, daga kamfanin da yake buga nasa littattafan. Allah ya yi masa rasuwa ranar 19 ga Yuni, 1981. Tarihin rayuwarsa da ya bari a rubuce, Alhaji Abdurrahman Mora ya tace shi, NNPC ta buga a 1989, da Ingilishi.